Muryar Malam Bube da Gurnanin Firji

Shekara biyar ke nan da muka kai kakana Malam Bube makwancinsa, amma a watan jiya ya yi magana. Haka dai Baffa Ummaru, ƙanen babana, ya so mu yarda.

Malam ya tsani rakoda. Ranar da Baffa ya kawo ta gidanmu na unguwar Gidan Igwai, kallon mushen jaki ya yi mata. Sau ɗaya aka ɗauki muryarsa, a ɓoye, da batir, don lokacin ko turken lantarki babu a layinmu.

Yanzu kuɗin mai sun shigo gari, kowa ɗan kwangila ne. Baffa ya yi tumbin da sai ya riga shi shiga ɗaki da minti biyu. Yana son rushe zauren da Malam ya karantar da rabin unguwa, ya yi shagon siminti. Kakata Inna Kulu ta ce sai bayan ranta. Sai ga Baffa da kaset, wai wasiyyar Malam ce.

Muka taru a tsakar gida. Wata murya ta fito tana makyarkyata, har da tarin ƙarya: “A ba Ummaru zaure.” Mutum ya zauna ya shaƙe wuyansa yana kwaikwayon uban da ke kabari, saboda siminti.

Inna ta ce a maido baya. Ba maganar take saurare ba. Can ƙarƙashin muryar wani abu na gurnani, ya tsaya, ya ci gaba. Duk mun san shi: firjin ɗakin Baffa ne, mai hana mu barcin rana.

“Ummaru,” in ji ta, “yaushe anka kawo wuta gidan ga?”

“Bara waccan, Inna.”

“To Malam lahira ya tahi da hirjinka?”

Baffa ya tattara babbar riga ya fice, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da wannan zamani, da ɗa ke ara wa mamaci baki. Ina jin tsaki kawai zai ja.

Zaure na nan, yara na karatu. Kaset ɗin gaske ma na nan, wanda babu gurnani a bayansa sai kukan akuya. Abin da Malam ya faɗa a ciki kaf shi ne: “Ummaru, kashe abin ga, ka ji tsoron Allah.”

Allah ya jiƙansa. Wasiyyar da ya bari ke nan.