Bakan da Kaka Ya Sassaƙa Mini

Duk sanda aka narka man kaɗe a gidana, ƙamshin kan mayar da ni ƙauyenmu na kan tudu, can bayan Ngaski, gindin rumbun da Kaka yake zama da gizagonsa.

Ni bahago ne, kuma babu bakan da ya taɓa zama mini daidai. Wata kaka, bayan an shigar da dawa, tsohon ya tsayar da ni, ya auna tsawona da igiya, ya shiga daji ya saro dargaza. Rani guda tana bushewa a inuwa. Kullum yana kankara, yana gasawa, yana shafa man kaɗe, har itacen ya yi ja kamar zuma. Ya fafe mariƙin daidai yatsuna. Da na ja tsirkiyar, sai na ji bakan yana lanƙwasa a hankali, babu gardama. Ka yarda da ni, ban sake riƙe abu mai kyansa ba.

Bayan rasuwar Kaka, Baba ya kwashe mu a kwalekwale zuwa Yelwa. Da muka sauke kaya, babu baka. Baba ya ce bakan ya zame daga kwalekwale ya faɗa ruwa, wai ni ne ban ɗaure shi da kyau ba. Na yi kuka har na ƙi cin tuwo. Shekaru ina zuwa bakin ruwa ina zagin hannuna.

Sai da na yi aure Gwaggo, ƙanwar Baba, ta faɗa mini gaskiya, tana gyaran kifi, ko kallona ba ta yi ba.

"Ɗana, ruwa bai ci bakanka ba. Babanka ya karya shi a gwiwa, ya cusa a murhu. Ba ya son mutanen gari su san daga tudu muka fito."

Da ƙona shi kawai ya yi, da wataƙila na haƙura. Amma ya ɗora mini laifin, ya kuma zuba ido ina ɗauke da shi.

Yau babu mai sassaƙa baka a ƙauyen, samari sun koma acaba. Baba ya tsufa, idonsa ya tafi. Kowace safiya nakan durƙusa in gaishe shi, ya sa mini albarka. Har yanzu jira nake ya faɗa da bakinsa.