Mai Kunya Nake Zaɓa

A da ni ɗan kabu-kabu ne a Bagudo, ina kai mata 'yan kasuwa Tsamiya a babur, bakin iyakar Benin. Da can ba ni da abin faɗi. Inna ma cewa take, "Wannan ko kaza bai iya yankawa."

A hankali abin ya fara. Sai in ce wa fasinja, "Ana ƙwace kaya a gaba, mu ratsa ta daji." In mun yi nisa in tsaya, in karɓe waya da 'yan kunne. A dajin nan na haɗu da wasu mutum biyu, su kuwa ba kaya suke so ba, matan suke so. Na zama mai kawo musu. Nakan juya baya in toshe kunne, wai ni ba ruwana. 

Wata da na taɓa kai musu ta gane ni a kasuwar Zagga, ta riƙe babur tana ihu. Dubuna ta cika, sai gidan yari.

Can wata malama mai binciken halayyar ɗan Adam ta zo tana tambayar irinmu. Ta ce, "Malam, yaya kake zaɓa?"

Na ce, "Wadda ta hau ita kaɗai, ba ta kira kowa ba. In na saki titi na ji shiru, na san kunya ta ɗaure mata baki. Wadda ta ce 'Kai, ina za ka da ni?' sai in koma hanya."

Ta ce, "Laifin naku ne, ba na matan ba. Amma iyaye su ji wannan."

Na fito, na tuba, na sayar da babur. Na iske ɗiyata Hadiza ta girma, tana sarin atamfa a Benin. Kowa yabonta yake: ba ta ɗaga kai, ba ta musu da babba. Wallahi irin wadda nake zaɓa ke nan.

Samari, kada ku bi sawuna, mai kawowa da mai aikatawa duk ɗaya ne. Ku koya wa ƙannenku mata ɗaga murya.

Jiya na zaunar da ita na ce, "Hadiza, in mai babur ya saki hanya, ki yi ihu. Ce mini a'a, in ji!"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba."

Mutanen nan biyu ba a kama su ba. Gobe kuma Hadiza za ta Tsamiya.