Golan da muka jefa

A tashar jirgin ƙasa ta birnin Wahran, na ga wani dattijo dogo yana jan ƙafar hagu, yatsunsa duk a karkace. Lemo ya suɓuce wa mai talla, dattijon ya cafe da hannu ɗaya.

"Baffa Lahwari, har yanzu hannun yana nan!" in ji mai lemon.

"Hannu yana nan, ɗana. Gwiwa ce ta yi ritaya."

Sai na gane shi. Golan ƙungiyar ƙwallon garinmu ne bayan yaƙin duniya. Ranar da aka zura masa ƙwallo huɗu muka yi ta jifansa, kwalbata ta fasa masa gira. Tabon yana nan.

Ya kama ni ina kallonsa, ya yi murmushi. "Ka taɓa ganin wasana?"

"A'a, Baffa," na ce.