Mutumin da Ke Tsaye a Jikin Bangon Asibiti

Oga Bukar ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Na tashi sallar asuba na ga kira rututu a wayata, duk daga gida. Tun ban buɗe saƙo ko ɗaya ba jikina ya ba ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asubarmu a nan Kanada, a Haɗeja rana ta riga ta take tsaka. Ina barci aka yi masa wanka, ina barci aka sallace shi, ina barci aka kai shi makwancinsa. Wannan shi ne ya fi tsaya min a rai.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Akitek Bukar shi ne mai ɗan ofishin zanen gini a saman wani shagon shinkafa, kusa da kasuwa. Shi ya ɗauke ni aiki bayan na gama bautar ƙasa, lokacin da duk inda na je sai a dubi mayafina a ce wai mace ba za ta iya zuwa wurin gini ba.

Ranar da na fara, takalmin ruwa ya miƙo min, ya fi ƙarfin ƙafata nesa ba kusa ba. Ya ce in cusa tsumma a ciki. Da muka isa wurin aiki ya tara birkiloli ya ce, "Ga akitek ɗinku nan. Abin da ta ce, ni na ce." Ya juya ya tafi shan shayi ya bar ni da su.

Sarkin Gaggawa yake kirana. Ban taɓa jin haushi ba, don gaskiyarsa ne.

Da yawanku kun san mijina na biyo zuwa nan. Abin da ban cika faɗa ba shi ne, digirina da rajistata ta gida ba su ba ni ikon kiran kaina akitek a ƙasar nan ba. Ina zane a wani ofis, wani ya sa hannu, aikin ya zama nasa. Kafin su amince da kai sai ka haɗa musu fotfoliyo, wato tarin ayyukan da ka yi da kanka, sannan ka zauna gaban kwamiti su yi maka tambayoyi a kai. Na daɗe ina bin wannan hanya, na gaji har na sha cewa na haƙura. Zaman kwamitin shi ne matakin ƙarshe, kuma ranar Alhamis ɗin nan ne. In na faɗi, sai in koma layi in sake jira, Allah kaɗai ya san zuwa yaushe.

Da za a zaɓi aikin da zan sa a gaba, ni wata filaza mai gilashi da muka yi a Dutse na ɗauko. Na kira Oga Bukar ina ta zumuɗi. Ya yi dariya har da tari.

"Rabi, mutanen da ke ƙera gilashin za ki je ki nuna wa gilashi? Nuna musu asibitin nan namu."

Asibitin da yake nufi wani ɗan ƙaramin ɗakin haihuwa ne a wani ƙauye a ƙasar Miga, can cikin fadama. Ni na zana shi. Amma ranar da muka fara zuwa duba filin, ina ta warware tef ina awo, shi kuwa ya zuba hannu a baya yana ta zagaya gari yana kallon bangon mutane da gindin bishiyoyi. Na ƙosa na ce, "Oga, rana fa tana yi." Ya yafito ni zuwa bayan tsohon masallaci, ya nuna min wani layi mai duhu da ya ratsa bangon.

Ya ce, "Nan ruwa ya tsaya. Zai dawo, kuma ba zai tambaye ki ba. Ki ɗaga daɓenki ya wuce nan."

Na yi ta gardama. Na ce ginin zai zama kamar rumbu, kuma mace mai naƙuda ta yaya za ta hau? Ya ce ai shi ya sa aka kira akitek, in je in yi tunani. Na koma na zana doguwar gangara mai sauƙin hawa wadda ko amalanke zai bi. Da babbar ambaliya ta zo, gidaje suka zube, amma ruwa bai taɓa daɓen asibitin ba. A ciki mata da yara suka fake har ya janye.

To, kwamitin nan sun ce suna son hotunan ginin yadda yake a yanzu, da abin da zai nuna tsayinsa. Na roƙi Oga ya tura wani daga ofis. Ƙarshen damina ne, hanya ta yanke, ga shi yana fama da ciwon ƙafa. Ya ce to.

Ashe da kansa ya tafi. Ya hau mashin har inda hanya ta ƙare, ya shiga kwalekwale suka ratsa ta cikin ciyawar kacala. Da suka isa sai ya tarar ya bar sandar awo a ofis. Shi ne ya miƙa wa mai kwalekwalen wayarsa, ya je ya tsaya a jikin bango da kansa don a gane tsayin ginin da tsayinsa.

Duk wanda ya san Oga Bukar ya san girman wannan abu. Mutumin nan ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Ko a ɗaurin auren 'yarsa zamewa ya yi. In ka ɗaga waya sai ya ce, "Ɗauki ginin, ni mene ne abin kallo a jikina?"

Amma ga shi nan a hotunan, wando a naɗe zuwa gwiwa, hula ta karkace, fuska a murtuke kamar wanda aka kama da laifi. Ya ɗora tafin hannunsa a kan layin da ruwa ya bari a jikin fandisho, wato harsashin ginin, daidai ƙirjinsa. A hoto ɗaya ma har yatsan mai kwalekwale ya fito.

Ɗaya daga ciki ne na saka a saman wannan rubutu. Wallahi ban da waɗannan ba ni da wani hotonsa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar mota ce, ranar da zan tafi Kano in hau jirgi. Tun a ofis ya ce shi ba ya rakiya, mu yi sallama a nan. Mota na shirin tashi sai ga shi a kan tsohon mashin ɗinsa da ƙullin bandar kifi. Na ce, "Oga, ba za su bar ni in shiga da shi ba." Ya ce, "To ki cinye a hanya. Ki je su san ki, Rabi. Amma kar ki daɗe."

Na daɗe, Oga.

Ina kewar ƙamshin kifin nan. Ina kewar ƙarar injin casar shinkafa da ke hana mu jin juna a ofis, da yadda ruwa ke kwanciya a fadama da yamma har ka rasa inda gona ta ƙare. Kullum ina cewa in na samu rajistar nan zan zo hutu in hau benen nan in ajiye masa ita a kan tebur.

Makon jiya ma mun yi waya. Ya mai da kansa kwamitin, yana jefo min tambayoyi da Turancinsa na Haɗeja, in na yi sauri ya ce, "Sarkin Gaggawa, numfasa." Da za mu ajiye ya ce, "Ranar Alhamis in kin fito, ni za ki fara kira. Mijinki ya jira."

Ɗazu na kira matarsa, Hajiya Falmata, na yi mata gaisuwa. Na ce mata ina duba tikiti, zan taho. Ta ce, "Ki taho ki tarar da me, 'yata? An riga an kai shi. Mutumin da ya shiga ruwa da ciwon ƙafa saboda zaman nan naki? Ki zauna ki yi abin da ya kai ki, gaisuwa ba ta wucewa." Sannan ta ce, "An ce kina da hotonsa. Turo min, mu a gidan nan ko ɗaya babu."

Na tura mata duka.

A ofishinmu na nan akwai wadda ta ba ni shawara in goge shi daga hotunan in sa zanen mutum a wurin, wai ya fi tsari. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Amma ba zan taɓa ko hularsa ba. Ranar Alhamis tare za mu shiga, shi a allo ni a kujera. In sun tambaye ni wane ne wannan, zan faɗa musu.

Abin da ban sani ba shi ne wanda zan kira in na fito.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Bukar, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya yi wa bayinka mafaka ranar da ruwa ya zo, ka ba shi mafaka a inuwarka, ka gina masa gida a Aljannar Firdausi. Ka ba Hajiya Falmata da yara haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a. In kun gama tasa, ku tuna da ni ranar Alhamis.