Gonar Waɗanda Ba Su Dawo Ba

Jiya ruwan shuka ya sauka a Tudun Wada, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini da marigayi kakana.

Lokacin yaƙin basasa, shi da samarin gundumarsu suka shiga soja da kansu, aka haɗa su runduna ɗaya. Suka yi alkawari cewa duk wanda ya dawo, sai ya yi huɗa a gonar waɗanda ba su dawo ba kafin ya taɓa tasa. Kowace damina sai Kaka ya tafi ƙauye ya cika alkawarin.

Bara shi kaɗai ya rage, ƙafa kuma ta ƙi. Ya kira ni.

"Malamin takarda, ka iya garma?"

"Ban taɓa riƙewa ba, Kaka."

"Yau za ka riƙe. Ba zan je musu da karyayyen alkawari ba."

Muka je gonar amininsa Audu, wanda bai dawo ba. Kaka yana zaune gindin ɗorawa, na ja layi ɗaya a karkace, tafina duk bororo. Ya yi dariya har da hawaye.

"Audu ma haka yake huɗarsa."

Allah ya sada su a Aljanna, ni kuma ya ƙarfafa mini hannu, don yanzu alkawarin yana wuyana.