Goron Kaka a Aljihun Mota

Jiya na shiga motar haya, direba ya taɓa maɓallin esi don ya sanyaya mota, sai na ji 'yar ƙara daga gaba, ƙyas, kamar an karya tsinken tsintsiya. Wanda bai sani ba ba zai kula ba. Ni kuwa a gidan mai gyaran wayar mota na tashi, a Sabon Birni, kuma Baba ne ya koya mini cewa wannan ƙarar alama ce kwamfureso ya kama aiki, sanyi na tafe. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa. Na juya fuskata wajen taga har muka isa.

Bari in ba ka labarin bazarar da ƙarar nan ta ɓace mana.

Ina 'yar shekara tara a lokacin. Baba yana da wata tsohuwar farar mota da ya sayo ta hanyar Nijar, kuma a unguwarmu ita kaɗai ce mai esi. Zafin shekarar ya kai zafi. Kaji na kwance ƙarƙashin rumbu baki buɗe, ƙasa na ƙona tafin ƙafa tun da hantsi. Ana cikin haka saƙo ya zo daga Burkusuma cewa yayar Kaka tana kwance ba lafiya, tana kiran ƙanwarta. Kaka, mahaifiyar Baba, tana da hawan jini, likita ya hana ta shiga rana, balle hawan babur. Baba ya ce ranar Juma'a zai kai ta cikin sanyin mota.

Ranar Talata sai esi ya mutu.

Baba mutum ne mai bin aiki daki-daki. Ya fara gwada gas, ya tarar a cike yake. Ya duba bel, lafiya lau. Ya buɗe akwatin fis, ya ga ɗaya ya ƙone. Ya sa sabo, ya kunna, kafin ya rufe ƙofa shi ma ya ƙone. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta kan katanga, ya kira shi da laƙabin da ake yi wa masu gyaran wayar mota.

"Rewaya, motarka ta hi ƙarhinka? Ka naɗa ma fis ɗin takardar sigari mana, kamar yadda kowa ka yi."

"In naɗa in ƙone mota da tsohuwa ciki? Koma kan kekenka," in ji Baba.

Ya ɗauko abin gwajinsa, ɗan ƙwan fitila mai waya biyu. Yakan maƙala ɗaya a jikin ƙarfen mota, ya riƙa taɓa wurare da ɗayar. Inda akwai wuta ƙwan ya kama, inda babu ya yi shiru. Haka ya bi waya tun daga batir, taku-taku, kwana biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Kaka na zaune a rumfa da carbinta. Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari. Lokaci-lokaci sai ta ce, "Wancan, har yanzu?" Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan, Inna."

Akwai abin da ni da Kaka kaɗai muka sani. Ta sa an sayo mata farin goro manya-manya daga kasuwar Isa, tsarabar yayarta. Tana tsoron zafi ya busar da shi. A tunaninta motar Baba kamar randa take, sanyin na nan zaune a ciki ko an kashe ta. Sai ta naɗe goron cikin ganye da tsumman buhu, ta sa na ɓoye shi a aljihun mota, wanda ke gaban kujerar mai zaman gaba. Kowace safiya nakan saci jiki da moɗa in yayyafa masa ruwa. Ni kuma ba yayyafi nake yi ba, zubawa nake, don ina son Kaka ta yabe ni. Ta ja kunnena kada in faɗa, saboda Baba ya hana kowa ajiya a motarsa.

Ranar Alhamis bayan azahar na ji ya ce wa mahaifiyata, in la'asar ta yi bai gano ba, an fasa tafiyar. Kaka ta ji. Carbin ya tsaya a hannunta.

Na je na same shi kwance rigingine a ƙasan kujerar gaba, kansa a ƙarƙashin aljihun nan, ƙafafunsa a waje. Na daɗe ina kallon takalmansa.

"Baba, ruwa na ɓata waya?"

Ƙafafun suka daina motsi.

"Wane ruwa, ɗiyata?"

Na fashe da kuka. Ya miƙa hannu ya buɗe aljihun, ƙunshin ya faɗo masa a ƙirji, jiƙe sharkaf. Daidai ƙarƙashin wurin akwai mahaɗar wayoyin esi. Da ya zare ta, bakinta ya yi kore da tsatsa, ruwa kwance a ciki, yana haɗa wayoyi biyu da bai kamata su haɗu ba.

Ya ɗauki ƙunshin da hannu biyu, ya je ya durƙusa gaban Kaka.

"Inna, na kama ɓarawon sanyi."

Ta dubi goron, ta dube ni, ta ɗaga kai.

"To mi? Motar da ka sanyaya ƙato kamarka, goro na za ta kasa?"

Ban taɓa ganin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba. Ya zauna daɓas a ƙasa yana share hawaye, tela yana ta tambaya daga bayan katanga a gaya masa abin da ya faru. Sai ya shanya mahaɗar a rana, wadda ba ta yi jinkirin busar da ita ba, ya kankare tsatsar, ya naɗe da salatif, ya sa sabon fis. Kafin kiran la'asar iska mai sanyi ta bugi fuskata.

Da safe muka kama hanya, goro a cinyar Kaka. Tana ta ƙorafin sanyin ya yi yawa, har ta lulluɓa da mayafi biyu. A Burkusuma yayarta ta tashi zaune, abin da aka ce ta kwana biyar ba ta yi ba. Ta fasa goro ɗaya, ta ba Kaka rabi, suka yi ta taunawa suna zagin juna kan wata akuyar da ta ɓace tun suna 'yan mata. Yayar ba ta ga daminar shekarar ba.

Yanzu muna Sakkwato. Masu gyara na maƙala na'ura a mota ta faɗa musu inda ciwo yake. A jinyarsa ta ƙarshe Baba ya so a kai shi gida ya ga 'yan'uwansa. Mota muna da ita, lafiyarta lau, amma saboda rashin tsaro hanyar ta zama sai an tambaya kafin a bi, kuma duk wanda muka tambaya ya ce mu dakata. Muka dakata.

Allah ya jiƙansu duka. Ita Kaka dai ta ga yayarta, kuma shi ne ya kai ta.