Nonon Bashira

A unguwar Shamaki, bayan makarantar Islamiyya, akwai gidan da ake sayen ƙuli-ƙuli. Bashira ce mai yi. Ba ta da yawan magana, hannunta dai ba ya zama.

Ɗan baffanta Sa'idu ta aura, mai gyaran keken ɗinki. 'Ya'ya biyu suka binne, duk hanya ɗaya: yaro ya zo lafiya, wata uku wuya ya ƙi tsayawa, ƙafafu su sandare, kafin yaye sai maƙabarta.

Da aka haifi na uku, Khalifa, sai Inno, uwar Sa'idu, ta sa aka tatsi nonon Bashira a ludayi, ta jefa tururuwa don gwaji. Tururuwar ta yi ta juyi, ta nutse, alamar wai nonon ba shi da kyau.

"Kin gani da idonki, 'yar nan. Ni ban ce komai ba," in ji Inno.

Ran nan aka mai da jaririn ɗakin Inno, aka koma madarar gwangwani. Bashira na jin kukansa ta bango, gaban rigarta na jiƙewa, tana murza ƙuli.

Shi ma wuyansa bai tsaya ba. A asibiti wata likita, Hilda, ta ɗebi jininsu su uku ta aika ƙasar waje. Sai bayan wata biyar takarda ta dawo.

"Maman Khalifa," in ji likitar, "kowace ƙwayar jiki tana da ɗan murhu mai ba da ƙarfi. Akwai sinadaran da ke ninke kayan aikin murhun daidai, kamar mai ninke zane. Nasa ba sa ninkewa. Rabin gadon daga wajenki, rabi daga babansa. Magani kam ba mu da shi."

"Nonona fa?"

"Lafiyarsa lau. Ki ba shi."

Sa'idu ya naɗe takardar ya sa aljihu. A hanya ya ce, "Kina so a ce jinin gidanmu ne? Ƙannena mata, wa zai aure su?"

"Gidanmu dai, Yaya. Kakanmu ɗaya."



Suna isa gida Bashira ta wuce ɗakin Inno ba sallama, ta ɗauki ɗanta ta sa a ƙirji. Ya laluba, ya kama, ya ja, ya saki. Ta matsa da yatsu. Ko ɗigo.

Khalifa bai ga damina ba.

Har yau matan unguwa na sayen ƙulinta suna yabawa. Masu goyo dai a bakin zaure suke tsayawa. Takardar tana akwatin kayan aikin Sa'idu, ƙarƙashin gwangwanin mai.